Ba Jini, Ba Karaya

Malam Sule tela ne a Fagge, shekara 22 yana taka keke a shago guda. Duk wanda ya san telolin Kano ya san kakarsu wata biyu ce, Sha'aban da Ramadan. Abin da aka samu daga nan zuwa jajibirin sallah shi ke biyan hayar shago da kuɗin makarantar yara, har a ɗan ajiye na ragon layya. A Sha'aban ɗin shekarar 2023 littafin awonsa ya cika maƙil, yadika sun taru a kan kanta har sun kusa taɓa silin. Abu ɗaya aka san shi da shi a layin: idan ya ce Alhamis, to Alhamis ɗin ce.

Wata Lahadi, saura kwana 11 a ɗauki azumi, suka tafi ɗaurin aure Kura da amininsa Ɗanlami, a cikin tsohuwar Golf ɗin Ɗanlamin. A dawowa suka ɗauko Hafsatu, 'yar Malam Sule, wadda ta yi kwana biyu a gidan gwaggonta. Ta zauna a baya, ta lafe a jikin kujera tana danna waya. Kujerar da Malam Sule yake kai ba ta da majinginar ƙeya, tun bara ta karye Ɗanlami ya zare ta ya wurga a but.

Sun shigo Na'ibawa aka haɗu da cunkoso, motoci suka tsaya cak. Malam Sule ya waiga baya zai tambayi Hafsatu ko gwaggo ta ba da saƙo, sai ji suka yi gam! Motar dakon kaya ta wani kamfanin lemo ta daki bayansu. Golf ta yi tsalle gaba ta tsaya. Hular Malam Sule ta faɗa kujerar baya.

Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye su, ana ta salati. Kowa ya fito da ƙafarsa. Wani dattijo mai sayar da rake ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, ba jini, ba karaya. Allah ya taƙaita."

Direban motar kamfanin saurayi ne, sunansa Isiyaku. Ya sauko jikinsa na ɓari, ya durƙusa a gaban Malam Sule. "Baba, ku yi mini rai. Wallahi waya ce ta yi ƙara na duba, ban ga kun tsaya ba. Wata uku ke nan da samun aikin nan."

Jami'an kiyaye haɗurra da ke sintiri suka tsaya, suka rubuta lambobin motocin, suka tambaya ko akwai wanda ya ji rauni. Kowa ya ce babu. Ba a jima ba manajan kamfanin ya iso a gurguje, yana so a kashe maganar a nan. Aka ƙiyasta bamba da fitilun baya a kan naira dubu 60. Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, ba wanda ke da tsaba a aljihu, don haka manaja ya yi wa Ɗanlami tiransifa daga asusun kamfani. Sannan ya juyo wajen Malam Sule.

"Baba, kai fa? Ko a kai ka asibiti a duba?"

Malam Sule ya juya kafaɗunsa, ya taɓa ƙirjinsa, ya yi murmushi. "Ni lafiyata ƙalau. Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Duk wannan abin da ake yi, Hafsatu tana gefe tana ɗaukar hoto da wayarta: bayan Golf da ya lotse, gaban motar kamfanin, da lambarta. Uban ya hango ta ya ce, "Ke, ajiye wayar nan, ba kya ganin manya na magana?" Ta ajiye, amma hotunan sun riga sun shiga.

Da daddare ya ji wuyansa ya ɗan yi nauyi, ya ɗauka gajiyar hanya ce. Da asuba ya zo tashi, kai ya ƙi ɗaguwa daga matashi sai da ya tallafe shi da hannu. A masallaci da liman ya yi sallama, ya nemi juya fuska dama abin ya gagara, sai da ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Wani ciwon kai ya taso daga ƙeya ya zagayo har goshi. Matarsa Binta ta gasa masa wuyan da ruwan zafi, ta shafa masa man zafi, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Masu zuwa dubiya kowa da nasa fashin baƙin. Wata maƙwabciya ta ce ai bazara ta kama, a yi hattara kada sanƙarau ne. Wani ya ce iska ce ta buge shi a hanyar Kura. Wani kuma ya rantse cewa targaɗe ne, ya raka shi wajen wani mai ɗori. Mai ɗori ya zaunar da shi a kan tabarma, ya kama haɓarsa da ƙeyarsa, ya ja, ya murɗa. Malam Sule ya saki ƙara irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. A daren nan bai runtsa ba, washegari kuma yatsunsa biyu na hannun dama suka fara yi masa zir-zir kamar tafiyar kiyashi.

A kwana na shida Binta ta tsaya kai da fata. "Malam, yau sai Dala. Ko ka yarda ko kada ka yarda, na riga na kira mai adaidaita."

A Asibitin Ƙashi na Dala aka auna zafin jikinsa, babu zazzaɓi, maganar sanƙarau ta kau. Aka yi masa hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya duba ya ce babu karaya, babu gocewa. Malam Sule ya sunkuyar da ido, don kai ba ya sunkuyuwa.

"To, likita, ke nan ba abin da ke damuna?"

"Akwai mana, Malam. Ka taɓa ganin mai jaki ya fyaɗa bulala? Hannu ya yi gaba, bakin bulalar ya tsaya a baya, sannan ya zabura ya wuce hannun. Abin da ya sami wuyanka ke nan, shi ya sa ma Turawa suka raɗa wa ciwon sunan fyaɗar bulala. Wuya ƙasusuwa 7 ne a jere, suna ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Da aka dake ku ta baya, kujera ta tura gangar jikinka gaba, kai ya lanƙwashe baya tunda ba abin da zai tare shi, sannan ya fizgo gaba. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Naman wuya da jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan suka miƙe fiye da ƙima. Kuma ka ce ka waiga a lokacin, wannan yana ƙara muni. Hoton nan ƙashi yake nunawa, ba ya nuna nama."

"Amma a wurin ban ji komai ba."

"Haka yake yi. Firgici yana danne zafi, kumburin kuma a hankali yake taruwa. Wani sai bayan awoyi, wani sai washegari ko ma jibi. Abokinka majinginar kujerarsa ta tare masa ƙeya, 'yarka kuma gajeriya ce, bayan kujera ya rufe mata kai. Kai ne aka bari a fili."

Likita ya gwada ƙarfin hannuwansa, ya rubuta masa magani, ya tura shi sashen gashi. Ya ce kada ya kwanta ya sandare, ya riƙa motsa wuyan a hankali yadda za a koya masa, kuma kada ya sake bari kowa ya murɗa masa shi. Ya ce mafi yawan masu wannan ciwo suna warwarewa cikin 'yan makonni zuwa wata uku, wasu kuma yakan ja su fiye da haka. Idan ya ji hannu ko ƙafa sun saki, ko fitsari ya ƙwace masa, ya dawo a take ko da tsakar dare ne. Sannan ya rubuta a kati, da kwanan wata, cewa ciwon ya biyo bayan haɗarin mota.

Azumi ya kama. Sana'ar tela kuwa sunkuyo ce. Malam Sule ya zauna a kan keke, minti 20 ba ta cika ba ƙeya ta ɗau zafi, zare ya zama biyu a idonsa. Yaran shago biyu suka riƙa yin ƙananan ɗinki, amma manyan kaya, riguna da kaftanin shadda masu aiki, masu su hannunsa suke so. Da ya ga ba zai cika alkawari ba, ya ɗauki littafin awo ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su zo su karɓi yadinsu tun da sauran lokaci. Kaya 47 ya mayar, tare da kafin alƙalamin da ya karɓa. Kowane ya ja masa layi a littafi, ya rubuta ranar da aka karɓa.

Asarar kuɗin ba ta ƙona masa rai kamar maganar mutane ba. Ga shi yana tafiya da ƙafarsa, ba bandeji, ba sanda. Wata rana yana jin wani yana cewa a bakin shago, "Telolin nan kullum da sabuwar ƙarya. Bana kuma wuya ne." Shekara 22 yana gina suna, ciwon da ido ba ya gani yana neman rushe masa shi.

Ana cikin haka Ɗanlami ya zo masa da dare, wuyansa naɗe da farar kwalar asibiti. Malam Sule ya tsorata. "Subhanallahi, kai ma ya taso maka?"

Ɗanlami ya leƙa waje, ya ɓalle kwalar ya ajiye a kan benci, ya yi dariya. "Mutumina, arziki ne ya dake mu ta baya ba mu sani ba. Na haɗu da wani a bakin kotu, ya ce kamfanin nan kuɗi gare su kamar ƙasa. Na ba shi dubu 40 ya samo mini takardar likita cewa ƙashin bayana ya tsage. Miliyan 10 za mu nema. Kai da ciwonka na gaske ne ma ai sai mu ce hannu ya shanye. Ka kawo naka dubu 40 ɗin kawai."

Malam Sule bai ce masa komai ba a daren. Zuciyarsa ta rabu biyu. Ɗaya tana ce masa, ka riga ka ce ba komai a gaban jama'a, mutumin kirki ba ya lashe amansa, ƙaddara ce ka haƙura. Ɗayar tana ce masa, ga haya ta taso, ga kayan sallar yara, su kamfani me miliyan za ta rage musu?

Washegari bayan asham ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da liman. Ya kwashe labari duka ya faɗa masa, har da na kwalar Ɗanlami.

"Allah gafarta Malam, ni abin da ke damuna, in na nemi wani abu, ban yi jayayya da ƙaddara ba? Kuma na riga na ce na yafe."

Liman ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam Sule, wanda ya ƙaddara haɗarin shi ne ya shar'anta diyya. Duba Suratun Nisa'i, aya ta 92. Kisan kuskure ma, wanda ba a yi da niyya ba, an ɗora masa diyya, sai idan magada sun ga dama sun bari sadaka. Da karɓar haƙƙi rashin tawakkali ne, da ba a saukar da hukuncinsa ba. Sannan malamanmu na Malikiyya sun ce ba a ƙiyasta diyyar rauni sai an jira an ga warkewarsa, don sai a lokacin ake sanin iyakar ɓarnar. Kai kuwa ka yanke hukunci minti goma bayan karo, jikinka bai gama ba ka labari ba. A ranar me ka sani? Ka san firgita, ka san hularka ta faɗi. Su ka yafe. Kaya 47 ba ka san da su ba."

"To idan kamfanin inshora ne zai biya fa? Na ji ana maganganu a kan kuɗinsu."

"Kai ba ka ƙulla komai da su ba. Haƙƙinka yana wuyan wanda ya buge ka da masu motar. Wanda suka wakilta ya biya a madadinsu, wannan tsakaninsu ne. Amma ka ji ni da kyau: abin da ka rasa shi ne naka. Kwabo ɗaya da ka ƙara a kai da ƙarya, wuta ka ɗebo wa iyalinka. Ka faɗa wa Ɗanlami ni na ce ya cire abin nan daga wuyansa."

Ya faɗa wa Ɗanlami. Ɗanlami ya ce shi dai ya riga ya zuba kuɗinsa, ba gudu ba ja da baya.

Cikin waɗanda aka mayar wa yadi akwai wani lauya. Ya zo shagon ransa a ɓace, amma da ya yi sallama ya ga tela ya juyo da jikinsa duka kamar ƙofa, sai fushin ya sauka. Ya zauna ya ji labari.

"Malam Sule, ka sa hannu a wata takarda a wurin?"

"A'a, Barista. Baki kawai."

"Madalla. Akwai lambar motar?"

Aka kira Hafsatu. Ta buɗe waya, ga hotuna huɗu raɗau, da rana da lokaci a jikinsu. Uban ya dube ta, ya tuna tsawar da ya yi mata, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Barista ya shigar da lambar a rumbun bayanan inshora na ƙasa ta wayarsa, sai ga sunan kamfanin inshorar ya fito, takardar tana aiki.

"Kun yi sa'a, ta gaske ce. Motoci da yawa takardar bogi suke yawo da ita, wadda aka buga a bakin titi don a nuna wa 'yan sanda. Ka ga, tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai mota a ƙasar nan ya yi inshorar da za ta biya wanda ya buge. Daga Janairun bana hukumar NAICOM mai kula da inshora ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 ga ƙaramar motar gida, daga dubu 5, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Rauni da rai lissafinsu daban ne. Mutanenmu suna biyan kuɗin nan duk shekara kamar haraji, masu haƙƙi kuma ba sa zuwa nema, sai a tashi a ba komai."

"Barista, ni tsorona yaron nan direba. Kada in jawo a ɗaure shi ko a kore shi."

"Ba ɗauri muke nema ba, biyan asara muke nema, kuma ba daga aljihunsa zai fito ba. Yanzu kawo mini shaida. Shari'a kashi biyu take duba irin wannan. Akwai abin da ka kashe da abin da ka rasa, wannan sai an nuna shi dalla-dalla da takarda. Akwai kuma wahala da zafin da ka sha, wannan ƙiyasta shi ake yi. Ina rasit?"

Malam Sule ya buɗe hannu, shi bai ajiye komai ba. Da aka aika gida, sai ga Binta ta bayar da wata tsohuwar jakar hannu. Katin asibiti, rasit ɗin hoto, na magani, na kowane zuwa gashi, duk ta jera su ta ɗaure da kyauro. Na kemis da na mai ɗori ne kawai babu, don ba a bayar ba, Barista ya ce waɗannan sun tafi. Da ya tambayi shaidar aikin da aka rasa, Malam Sule ya ce shi ba shi da takardar albashi. Barista ya miƙa hannu ya ɗauki littafin awo daga kan keke, ya buɗe, ya ga sunaye da lambobin waya da kuɗin ɗinki da layin da aka ja wa kowane. "Wannan ya fi takardar albashi," in ji shi. Ya ƙara da cewa a hanzarta, don neman haƙƙi yana da wa'adi a doka, idan ma motar hukuma ce akwai dokar da kan iya taƙaita shi zuwa wata uku. Wanda kuma ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana karɓar ƙarar haɗari.

Aka nemo rahoton hukuma, aka karɓo rahoton likita, aka rubuta wa kamfanin lemo da na inshora. Manaja ya so ya ce bai san zancen ba, sai aka nuna masa tiransifar dubu 60 daga asusunsu, ranar da abin ya faru. Da a ce tsaba ya bayar, da ba ta bar sawu ba.

Sai dai takardar Ɗanlami ta riga tasu isa. Kamfanin inshora ya aika asibitin da aka buga sunansa a takardar, aka ce babu fayil mai wannan lamba, babu likita mai wannan suna. Mai bincikensu ya je kasuwar Dawanau ya tarar da Ɗanlami yana taya yaransa ɗora buhunan masara a mota, kwalar tana rataye a madubi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Suka ce mota ɗaya, haɗari ɗaya, aminan juna, kuma dukansu sun shaida wa jami'ai ba su ji rauni ba, don haka duk kanwar ja ce. Suka aiko wa Malam Sule tayin naira dubu 80, da takardar da zai sa hannu cewa magana ta ƙare har abada.

Babbar sallah ta matso, mai shago yana aike, babu rago a ƙofar gida. Malam Sule ya riƙe takardar nan kwana uku. Barista ya ce masa, "Idan ka sa hannu, ko gobe hannunka ya shanye ba mai sauraronka. Ka jira likita ya faɗi inda ciwon ya tsaya." Binta ta ce, "Malam, ka yi gaggawa sau ɗaya a Na'ibawa, kada ka yi ta biyu. Layya ba dole ba ce ga wanda ba shi da hali." Ya mayar musu da takardarsu. A shekarar nan gidansa ba a yi yanka ba, maƙwabta ne suka aiko da nama.

Bayan wata biyar da haɗarin aka zauna sulhu a ofis. Likitan da kamfanin inshora ya zaɓa ya riga ya duba shi, rahotonsa ya yi daidai da na Dala. Jami'in inshorar, wani mai furfura da tabarau, ya dube shi ta saman gilashi ya ce, "Malam, har yanzu ciwon yana nan yadda yake, ko?"

Malam Sule ya gane cewa idan ya ce e, kuɗin zai ƙaru. Ya ce, "A'a, yallaɓai. Alhamdu lillahi ya yi sauƙi sosai. Zir-zir ɗin yatsu ya tafi tun bayan ƙaramar sallah da wata guda. Watan jiya na koma aiki rabin yini. Sai in na daɗe a sunkuye ne ƙeya ke riƙewa."

Jami'in ya cire tabarau ya ajiye. Ya jawo littafin awo, ya zaɓi sunaye biyar da kansa, ya kira su a gaban kowa. Duk biyar ɗin suka ce e, an mayar musu da yadi da kuɗinsu a farkon azumi. Na biyar har ya ce, "Ku gaya masa ya yafe mini, na zata ƙarya yake." Jami'in ya rufe littafin ya ce, "Malam, mun haɗa ka da wanda bai kamata ba."

Aka lissafa: asibiti da magani da gashi naira dubu 148, ɗinki 47 da aka mayar naira dubu 282, wahala da ragowar watannin da ya yi ba cikakken aiki naira dubu 250. Jimilla dubu 680. Ba miliyan 10 ba ce, amma ta biya haya, ta biya lauya, ta biya bashin da aka ci, kuma babu kwabon da Malam Sule zai ji nauyin kashewa.

Ɗanlami kuwa bai sami ko sisi ba. Mutumin bakin kotu ya kashe waya ya ɓace da dubu 40. 'Yan sanda suka gayyace shi kan takardar jabu, sai da dattawan unguwa suka yi ta sintiri, Malam Sule na cikinsu, kafin maganar ta lafa. Da ƙura ta kwanta ya zo shago ya zauna a benci ya kasa haɗa ido. Malam Sule bai yi masa gori ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗanlami, buɗe but ɗin nan ka ɗauko majinginar kujerar, mu kai wa mai walda yau."

Bayan sati biyu wani saurayi ya yi sallama a ƙofar shagon, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Isiyaku ne. Kamfani bai kore shi ba, an dai yi masa gargaɗi an yanke masa albashin wata. Ya ce sai da maganar ta kai ofis ya san abin da ya jawo.

"Baba, ashe azumi guda ka yi ba aiki saboda ni. Ka yafe mini."

Malam Sule ya tsayar da keke, ya juyo da wuyansa a hankali ya dube shi. "Ɗana, ranar nan na ce maka ba komai, alhali ban san komai ɗin ba. Yau na sani. Na san dararen da ban yi barci ba, na san maganar da aka faɗa mini a ƙofar shagon nan. Asarata an biya. Abin da kuɗi ba ya biya kuwa, na yafe maka shi duniya da lahira. Abu ɗaya nake roƙonka: idan kana tuƙi, wayar nan ta zauna a aljihu."

Isiyaku ya share hawaye ya ce, "Na ɗauki alkawari, Baba."

Jama'a, haƙuri da yafiya ado ne a gare mu, kada mu yar da su. Amma yafiyar da ake ba da lada cikakke a kanta ita ce wadda mutum ya yi da saninsa, bayan ya auna abin da ya rasa, ba wadda kunya da taron mutane suka fizge daga bakinsa a gefen titi ba. Idan mota ta dake ka, ko ba jini ba karaya, ka ɗauki lambarta, ka bari hukuma ta rubuta, ka je asibiti da wuri, ka adana kowane rasit, kada ka sa hannu a takardar rufe magana sai jikinka ya gama ba ka labari. Idan ka tashi nema, ka nemi naka kawai, domin duk mai ƙaryar ciwo yana toshe ƙofa ne ga mai ciwon gaske da zai zo bayansa. Masu motoci kuma, ku yi inshora ta gaske, ku mayar da majinginar kujeru daidai ƙeyar mai zama, ku ɗaura bel, ku bar tazara tsakaninku da na gaba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba mu ikon karɓar haƙƙinmu da gaskiya, da bayar da na mutane ba tare da an matsa mana ba.